Rangadin Filayen Olamfik na 1984 a Sarayebo: Jagora Mai Ilimi, Tsari Mai Giɓi

Ƙananan kamfanonin yawon buɗe ido da ke kewayen tsohuwar kasuwar Baščaršija a birnin Sarayebo, babban birnin ƙasar Bosniya, suna tallata wani rangadi na yini guda da sunan gasar Olamfik ta lokacin hunturu ta shekarar 1984, inda ake ɗaukar baƙi a ƙaramar bas, a haɗa su da ɗan jagora, a zagaya da su filaye da duwatsun da aka gudanar da wasannin. Na bi ɗaya daga cikin irin waɗannan rangadin a ƙarshen lokacin zafi, kuma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai abin da ya sa ta biya ba shi ne abin da kamfanin ya sa a gaba a tallansa ba. Takardar tallan cike take da hotunan kangaye da bangayen da harsashi ya huda, alhali kuwa darajar tafiyar tana bakin jagoran ne, a duk lokacin da tsarin kamfanin ya bar masa sarari ya yi maganar wasannin kansu.

Jagoran namu dattijo ne haifaffen birnin, wanda yake ɗan makaranta a lokacin gasar, kuma tun muna cikin mota ya fara da abin da ya kamata a fara da shi, wato yadda aka yi birnin da bai taɓa karɓar irin wannan taro ba ya sami gasar. A taron kwamitin Olamfik na duniya da aka yi a Atens a watan Mayun 1978, Sarayebo ta kara da Sapporo ta Japan, wadda ta riga ta karɓi gasar 1972, da kuma Gothenburg ta Suwidin, kuma a zagaye na biyu ta kayar da Sapporo da ƙuri'a 39 da 36. Ratar ƙuri'a uku kacal ke nan, ga Yugoslabiya, ƙasar da Sarayebo ke cikinta a lokacin, wadda ba ta da hanyar tseren amalanken ƙanƙara ko guda ɗaya. Shugaban Yugoslabiya Tito, wanda a zamaninsa aka nemi gasar, ya rasu a 1980 bai ga buɗe ta ba, amma aikin bai tsaya ba, har aka buɗe wasannin ranar 8 ga Fabrairun 1984, aka rufe ranar 19, da ƙasashe 49 da 'yan wasa 1,272 da suka fafata a kan lambobin zinariya 39. Ita ce gasar hunturu ta farko da aka yi a ƙasar da ke bin tsarin gurguzu, kuma tun da ta faɗo tsakanin ƙaurace wa gasar Mosko ta 1980 da ƙaurace wa ta Los Angeles a tsakiyar 1984, zuwan Gabas da Yamma gaba ɗayansu Sarayebo ba ƙaramin abu ba ne.

Zangon farko shi ne unguwar Koševo, inda babban filin wasan da aka yi bikin buɗewa yake, wanda a yanzu ke ɗauke da sunan tsohon ɗan ƙwallon birnin, Asim Ferhatović Hase. A nan Sanda Dubravčić, 'yar wasan zamiya a kan daskararriyar ƙanƙara, ta haura matakala ta kunna wutar gasar. Ba a shiga da mu cikin filin ba, daga waje muka tsaya, kuma ban ga wata asara a hakan ba, domin abin kallo na gaske yana gefensa, wato zauren Zetra. Jagoran ya daɗe a nan, kuma ya yi daidai da ya daɗe. A cikin wannan zaure ne, ranar 14 ga Fabrairu, Jayne Torvill da Christopher Dean na Birtaniya suka yi rawar ƙanƙarar da alƙalai tara suka ba su cikakken maki shida kowannensu a ɓangaren ƙayatarwa, ban da wasu cikakkun maki uku a ɓangaren ƙwarewa, abin da ba a taɓa gani ba kafin su. A nan kuma Katarina Witt ta Jamus ta Gabas ta ci zinariyarta ta farko, Scott Hamilton na Amurka ya ci ta maza, ƙungiyar hokin Tarayyar Sobiyet ta maido da kambin da Amurka ta ƙwace mata a Lake Placid shekara huɗu kafin nan. A filin tseren gudu na ƙanƙara da ke wajen zauren kuwa, matan Jamus ta Gabas ne suka kwashe zinariya da azurfa a dukkan tsere huɗu, Karin Enke ita kaɗai ta tafi da zinariya biyu da azurfa biyu.

Sai da ya gama wannan duka sannan ya juya da mu ya nuna mana maƙabartar da ta mamaye gangaren, ya yi bayanin abin da ya biyo baya da murya ɗaya, ba tare da ƙarin gishiri ba. Ƙawanyar da dakarun Sabiyawan Bosniya suka yi wa birnin ta fara a watan Afrilun 1992, ta ɗauki kwana 1,425, ta ci rayuka fiye da 11,000. An yi wa Zetra ruwan bama-bamai a watan Mayun 1992 har ya ƙone, aka mai da ɗakunan ƙarƙashinsa wurin ajiye gawa, aka riƙa ɓalle katakon kujerun 'yan kallo ana haɗa akwatunan binne mamata, ƙaramin filin atisayen da ke kusa kuma ya koma maƙabarta saboda tsofaffin maƙabartun sun cika ko kuwa harsashi ya hana isa gare su. Juan Antonio Samaranch, wanda Sarayebo ce gasarsa ta farko a matsayin shugaban kwamitin Olamfik, ya bar gasar hunturu ta Lillehammer a Norway ana tsakiyar yin ta a Fabrairun 1994 ya shigo birnin yana cikin ƙawanya, kwanaki kaɗan bayan harin kasuwar Markale da ya kashe mutum 68. Kwamitin ya ba da dala miliyan 11.5 aka sake gina zauren, aka buɗe shi a 1999, kuma bayan rasuwar Samaranch a 2010 aka sa masa sunansa. Wannan jeri da jagoran ya bi, na gabatar da wasan kafin yaƙin, shi ne mafi kyawun abin da ke cikin rangadin baki ɗaya, domin wanda bai san abin da zauren ya kasance ba, ba zai gane girman abin da aka rusa ba, ƙonannen gini kawai zai ji labarinsa.

Daga nan motar ta nufi yamma, kuma a wannan tafiya ce na fara ganin giɓin da ke cikin tsarin. Mun wuce ta gaban otal ɗin nan mai launin rawaya da mai zanen gine-gine Ivan Štraus ya tsara, wanda aka buɗe a 1983 da sunan Holiday Inn domin manyan baƙin gasar, daga baya ya zama masaukin 'yan jaridar duniya a shekarun yaƙi. Mun kuma wuce Mojmilo, inda aka saukar da 'yan wasa, da Dobrinja, inda aka saukar da manema labarai, unguwannin da bayan gasar aka raba gidajensu ga mazauna birnin. Ba a tsaya ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma da yake motar ba ta da lasifika, waɗanda ke kujerun baya rabin bayanin kawai suke ji, sauran ƙarar injin ta haɗiye. Kamfanin da ke sayar da tarihi ta bakin mutum ɗaya bai kamata ya yi ƙyashin sayen ƙaramin amsa-kuwwa ba.

Dutsen Igman shi ne wurin da ya fi burge ni a ido. Hanyar tana hawa cikin dajin dogayen itatuwa har ta ɓulla Malo Polje, inda gangara biyu na wasan tsalle suke tsaye kusa da juna, ɗaya na mita 70, ɗaya na mita 90, da hasumiyar alƙalai a gefe wadda har yanzu haruffan Majalisar Ɗinkin Duniya da sojojin kiyaye zaman lafiya suka rubuta suna jikinta. Jagoran ya ba da labarin karawar matasa biyu da suka raba lambobin a tsakaninsu: Jens Weißflog na Jamus ta Gabas ya ci zinariya a ƙaramin gangaren, Matti Nykänen na Finlan ya zo na biyu, sannan a babban gangaren suka yi musaya, Nykänen ya ci da rata mai faɗi, Weißflog ya bi bayansa. Dandamalin siminti da ake hawa a karrama waɗanda suka yi nasara yana nan a gindin gangaren, kuma ana iya bin matakalar gefe a hau sama. Ina ba duk mai ƙarfin gwiwa shawarar ya hau ko da rabi ne, saboda sai mutum ya tsaya a can ya leƙo ƙasa yake gane irin zuciyar da ake buƙata kafin a saki jiki a wannan wasa. Talabijin tana daidaita gangaren ta mai da shi kamar shimfiɗaɗɗe. Matakalar dai ta tsufa, wasu wuraren babu abin dafawa, kuma jagoran ya yi gargaɗi a kan haka tun kafin kowa ya taka.

Kusa da nan ne Veliko Polje, faffaɗan fili a cikin daji inda aka yi tseren dogon zango a kan dusar ƙanƙara da kuma wasan da ake haɗa tsere da harbin bindiga. A nan Marja-Liisa Hämäläinen ta Finlan ta cinye dukkan tseren mata uku na ɗaiɗaiku, na kilomita 5 da 10 da 20, ta ƙara da tagulla a tseren miƙa-miƙa, kuma da za a tambaye ni gwarzon gasar 1984 ita zan ambata kafin masu rawar Zetra. Wurin kwari ne da sanyi ke taruwa a cikinsa, har an taɓa auna sanyin da ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili a can a shekarar 1963. Abin takaici, minti kaɗan aka ba wannan fili, aka kwashe mu zuwa kangon otal ɗin Igman da ya ƙone a lokacin yaƙi, inda aka bar mu kusan ninki uku na wancan lokacin domin ɗaukar hoto. Kangon ba shi da wani labari na wasa, ƙasansa cike yake da fasassun kwalabe da ramuka, kuma na lura shi kansa jagoran a bakin ƙofa ya tsaya yana duba agogo. Abin da ya fi amfani da ya faɗa a wurin shi ne cewa hanyar dutsen Igman ce ta zama mashigar abinci da magani ga birnin da aka killace, ta haɗe da ramin nan mai tsawon kusan mita 800 da aka haƙa ƙarƙashin filin jirgin sama a 1993, da kuma gargaɗinsa cewa kada kowa ya bar hanyar da aka tattake ya kutsa daji, saboda nakiyoyin da aka binne a lokacin yaƙi.

An ci abincin rana a gindin Bjelašnica, dutse mai tsayin mita 2,067 inda aka yi wasannin gangarowa na maza. Kuɗin abincin ba ya cikin kuɗin rangadin, abin da takardar tallan ba ta fito fili ta faɗa ba, amma hirar da aka yi a kan teburin ta rufe wannan. Jagoran ya nuna ƙololuwar ya ce ƙa'idar tseren gangarowa tana buƙatar saukar mita 800 daga mafari zuwa ƙarshe, dutsen kuma ya gaza da 'yan mitoci, sai masu shirya gasar suka gina gidan cin abinci a samansa suka sa mafarin tseren a cikin ginin. Ya kuma tuna yadda aka yi ta fargabar rashin dusar ƙanƙara gab da buɗe gasar, sai ga ta ta sauko da yawan da ya wuce kima, har sojoji da 'yan sa-kai suka kwana suna share hanyoyi, aka yi ta ɗaga tseren gangarowar maza saboda guguwa sai ranar 16 ga wata. Bill Johnson na Amurka, wanda ya yi ta cika baki tun a kwanakin gwaji cewa sauran su nemi matsayi na biyu, shi ne ya ci, ya zama Ba'amurke na farko da ya ɗauki zinariya a wannan tsere. A ranar ƙarshe kuma tagwayen nan Phil da Steve Mahre suka raba zinariya da azurfa a tseren kewaya sanduna.

Amma labarin da ya sa fuskar jagoran ta sake shi ne na Jure Franko. Yugoslabiya ta shafe shekara sittin tana zuwa gasar hunturu ba ta taɓa samun lamba ko ɗaya ba, sai ranar 14 ga Fabrairu, ranar da aka yi rawar Zetra, wannan saurayi ɗan yankin Slobeniya ya zo na biyu a babban tseren kewaya sanduna bayan Max Julen na Suwizalan. Da dare jama'a suka cika dandalin Skenderija inda ake rataya lambobi, suna ɗaga kwali da ke cewa sun fi ƙaunar Jurek, yadda suke kiran Jure, a kan burek, wato naɗaɗɗen gurasar nan mai nikakken nama a ciki da mutanen Sarayebo ba sa haɗa ta da komai. Azurfa ɗaya ce ƙasar mai masaukin baƙi ta samu, a gasar da Jamus ta Gabas ta tashi da zinariya 9, Tarayyar Sobiyet kuma da zinariya 6 da jimillar lambobi 25, amma har yau ita ake tunawa a birnin. Hakanan alamar gasar, ɗan kyarkecin nan Vučko mai jan mayafi a wuya, wanda masu karanta jaridu suka zaɓa, Jože Trobec ya zana, shi ma daga Slobeniya; yana nan a kan riguna da kofuna a kowane shagon tsaraba. Abu ɗaya da jagoran bai ambata ba, wanda ya cancanci shiga bayaninsa, shi ne cewa a kan wannan dutsen ne Lamine Guèye na Sanagal ya fafata, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya shiga gasar Olamfik ta hunturu, bayan da shi da kansa ya kafa hukumar wasan a ƙasarsa. Masar ma a wannan gasa ta fara bayyana.

Babban ƙorafina a kan kamfanin shi ne dutsen Jahorina. Tallan ya yi maganar duwatsun Olamfik na Sarayebo, waɗanda huɗu ne, amma uku aka kai mu. Jahorina can ne aka yi dukkan wasannin gangarowa na mata, inda Michela Figini ta Suwizalan ta ci zinariya tana da shekara 17, Debbie Armstrong ta Amurka da Paoletta Magoni ta Italiya suka ci sauran biyun, saboda haka barin sa yana nufin an cire rabin wannan wasa daga tarihin. Uzurin da aka bayar shi ne nisa, kuma gaskiya ne cewa dutsen yana kudu maso gabashin birnin, Igman da Bjelašnica suna kudu maso yamma, amma lokacin da aka ɓatar a kangon otal da kuma dogon zaman cin abinci da ya rage nisan sosai. Akwai kuma abin da zuwa can zai koya wa baƙo wanda babu bayanin da zai maye gurbinsa: yarjejeniyar Dayton ta 1995, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin, ta raba filayen gasa guda tsakanin yankunan mulki biyu, Jahorina ta faɗa Jamhuriyar Sabiyawan Bosniya, Igman da Bjelašnica suka faɗa ɓangaren Tarayya, inda birnin Sarayebo yake, kuma sai a Fabrairun 2019 ne Sarayebo da Sarayebo ta Gabas, wadda ke ɓangaren Sabiyawan, suka haɗa hannu suka karɓi gasar hunturu ta matasan Turai a kan waɗannan duwatsu.

Zangon ƙarshe shi ne Trebević, dutsen da ke leƙen tsohon gari, inda hanyar tseren amalanken ƙanƙara take, kwararon siminti mai tsawon mita 1,300 da kwana 13 da ke naɗewa cikin daji. Wannan shi ne wurin da ya fi fitowa a hotunan intanet, saboda masu fenti sun lulluɓe bangayen da zane iri-iri, kuma ana barin baƙi su bi cikin kwararon da ƙafa daga sama zuwa ƙasa. Tafiyar tana da daɗi, ba ta da wahala tun da gangara ce, kuma a manyan kwanonin, inda bangon ke lanƙwasowa ya fi tsayin mutum, jagoran ya tsayar da mu ya bayyana yadda ake daskarar da ruwa a jikin simintin da bututun sanyi, da yadda amalanken ke hawa bangon a guje ya manne saboda ƙarfin juyi. Jamus ta Gabas ta kwashe zinariya da azurfa a tseren mutum biyu da na mutum huɗu, Wolfgang Hoppe ne ya tuƙa amalanken da ya ci duka biyun. Ƙananan ramukan da ake gani a jikin wasu bangayen kuwa mayaƙan da suka yi wa birnin ƙawanya ne suka huda su, domin daga nan suke hango titunan Sarayebo a ƙarƙashinsu. Tun wajen 2014 'yan sa-kai suka share hanyar suka gyara wasu sassa, har matasa na atisaye a kanta da amalanke mai taya a lokacin zafi, don haka yana da kyau mai tafiya ya riƙa sauraren abin da ke tahowa ta bayansa.

Kamfanin ya ba da zaɓi tsakanin komawa gari a bas da sauka ta motar igiya, wato ɗakunan gilashin nan da ke rataye a jikin wayar ƙarfe, kuma na zaɓi na biyun duk da cewa mutum ne ke sayen tikitinsa da kansa. An fara buɗe wannan layi a 1959, yaƙi ya lalata shi, aka sake buɗe shi ranar 6 ga Afrilun 2018, tashar sama kuma tana ɗauke da sunan Ramo Biber, mai gadin tsohon layin da aka kashe ranar 2 ga Maris 1992. Saukar ba ta kai minti goma ba, kuma tana ajiye mutum a unguwar da ke tsallaken kogin Miljacka daga tsohuwar kasuwa. Ya kamata baƙo ya riƙe kuɗin ƙasar a hannu, wato marka, wanda darajarsa ke ɗaure da yuro a kan kusan marka biyu ga yuro ɗaya, saboda ba kowane mai sayar da shayi a kan duwatsun ke karɓar kati ba.

Gidan tarihin gasar ba ya cikin rangadin, kuma wannan ma giɓi ne, amma mai sauƙin cikewa tun da yana tsakiyar gari. Yana cikin wani tsohon gidan alfarma da ake kira Vila Mandić, wanda Karel Pařík ya tsara aka gina a 1903. An buɗe shi a matsayin gidan tarihi a shekarar gasar, aka yi masa luguden wuta a Afrilun 1992, ma'aikata suka tsere da kayan da suka iya cetowa, sai a 2020 aka sake buɗe shi bayan gyara. Na fi ganin dacewar a shiga nan kwana ɗaya kafin rangadin, a ga tocilan gasar da lambobin da tufafin 'yan wasa da hotunan filayen lokacin da suke cike da jama'a, domin kamfanin ba ya ɗauke da tsofaffin hotunan da za a gwada da abin da ake gani a yau, in ban da 'yan kaɗan da jagoran ke nunawa a wayarsa. Wanda kuma yake son Jahorina, to ya nemi a rubuta masa sunan dutsen a takardar biyan kuɗi tun kafin ya biya, ko kuma ya ware masa wata rana dabam, ya tafi da takalmin da ke kama ƙasa da rigar sanyi ko da a watan Agusta ne.